Kocin 'Yata Ya Ci Kyauta

Ina sarin kaya a kasuwar Shisanhang lokacin da 'yata ta fara wasan hokin ƙanƙara a Guangzhou. Kocinsu, wani dattijo ɗan China, shi ya bar ta ta sa hijabi a ƙarƙashin hular kwano ba tare da surutu ba. Da aka ba shi kyautar gwarzon koci na shekara sai hankalina ya tashi, don na ji manyan ƙungiyoyin arewacin ƙasar na zawarcinsa.

Na same shi a bakin filin atisaye, na taya shi murna, sannan na ce, "Tafiya za ka yi?"

Ya yi dariya. "Iyalina ba sa son sanyin can. Ina nan."

Sai a lokacin na samu natsuwar zama in kalli atisayen.