Ƙuri'a ɗaya ta cinye tukunyar Sabo

Jama'a, yau na ga ƙato yana kuka a gaban tuwo!

Kun san Sabo maƙwabcina, wanda ya toshe mini hanyar ruwa bara har shinkafata ta ƙone? To, ya shiga wata gasar manoma ta intanet. Wanda ya fi ƙuri'a zai samu injin ban ruwa. Ya sa aka yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ya tara unguwa, har 'yan'uwansa na Auyo sun zo a babura.

Aka ci aka ƙoshi. Ya ce, "To bismillah, kowa ya danna mini ƙuri'a a wayarsa."

Kowa ya danna, waya ta ce an riga an yi zaɓe daga wannan adireshin!

Aka kira Habu mai gyaran waya. Ya ce, "Yaya Sabo, tsofaffin adireshin intanet sun ƙare a duniya, kamfanin layinmu kuma bai koma sabon tsari ba. Duk lamba ɗaya muke fita da ita. Gasar ta ɗauke mu mutum ɗaya, kuma wani ya riga ku."

Sabo ya ce, "Wane azzalumin ne?"

Jama'a, tsakanina da ku, ni ne! Tun da safe na danna wa abokin takararsa na Kafin Hausa.

Mutane suka watse, ni na zauna. Sabo ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce, "Kai kaɗai ne ɗan halak."

Na ce a ƙaro mini miya.