Ranar da Na Yi wa Masana Hayar Jama'a

Wautar da zan ba da labarinta da furfurata na yi ta, a ƙasar mutane, kuma har da riga mai aiki na sa don in yi ta da kyau.

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a tasha na yi shi. Na yi yaron mota, na yi kamasho, daga baya na samu sana'ar da ta riƙe ni, wato kai jama'a taron siyasa. In ɗan takara zai yi taro a garin da babu wanda ya taɓa jin sunansa, ni ake nema. In cika motoci, in raba riguna, in tsaya gefen dandamali ina ba da alamar tafi. Na taɓa kai mutane iri ɗaya taron jam'iyyu biyu a wuni guda, riga kawai suka sauya a hanya.

Da gwiwa ta fara yi mini gardama, 'yata da ke aikin likita a Manchester ta ɗauko ni, na zauna wurinsu a unguwar Longsight. Zuwana ya dace da shekarun da gwamnatinsu ke tsuke bakin aljihu. Akwai wani ɗaki mai ɗumi da tsofaffin unguwa ke zama su sha shayi, aka rufe shi. Muka koma tsayuwa a shagon mai nama a titin Stockport, muna taya shi kallon masu saye, shi kuma yana share ƙasa kusa da ƙafafunmu ko za mu gane.

Ƙanwata tana da 'ya a Birmingham, tana haya a wani ɗaki saman shago a Erdington. Gwamnatinmu ta gida ce ta turo ta karatun digiri na uku. Wani ƙarshen mako ta zo mana, na tsare ta a falo na ce yau sai ta faɗa mini abin da take karantawa, don uwarta duk ta kira ni sai ta tambaya, ni kuma in ce injiniya.

Ta ce, "Tsohon wasan kwaikwayon Sifaniya, Kawu."

"Fim?"

"A'a, na dandamali. A waƙe aka rubuta shi, wajen shekara ɗari huɗu ke nan."

"Masu wasan suna nan?"

"Sun mutu."

"Masu kallon fa?"

"Kai, Kawu."

"To, an ɗauko ki daga Kano a jirgi, ki zo Ingila ki karanta wasan matattun Sifaniya. Su mutanen Sifaniyar sun san ana yi?"

Ta yi dariya kaɗan, sai ta shiga ba ni labari. Wai a tsakar gida ake yin wasan, maza talakawa a tsaye, mata a wani wuri daban. Miji zai kashe matarsa a kan zargi, sarki ya ce ya kyauta. Ita abin da take bi shi ne matan da ke sa kayan maza su bi sawun wanda ya yaudare su gari-gari. Na ce wannan ai ba sai an je Sifaniya ba. Tana magana tana juya hannu, shayinta har ya huce, ban taɓa ganin ta haka ba.

Can sai fuskarta ta sauya. Ashe akwai ƙungiyar masanan wannan wasa, malamarta ce ke riƙe da ita, wata tsohuwar Farfesa. Jami'a ce ke biya musu zauren taron shekara. Yanzu an ce za a turo mutum ya duba ko abin yana da amfani ga jama'a. In bai ga amfani ba, a janye tallafi, a rufe sashen, a sallami Farfesa. Ita kuma yarinyar tana tsakiyar karatu, babu wani malamin da zai karɓe ta, kuma waɗanda suka turo ta ba sa ƙara wa'adi. Sai dai ta koma gida hannu rabbana.

Na ce, "Mutum nawa ke zuwa taron?"

"Bara da za su yi hoto layi ɗaya suka yi. A zaune."

Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda rabona da shi tun zaɓen ƙarshe da na yi aiki. Jama'a kawai ake nema? Na ɓoye mata abin da na ƙudura. Na dai tambayi rana da wuri, na ce zan zo in ji jawabinta, don ta ce ranar za ta fara tsayawa gaban masana.

Ranar Juma'a bayan an sauko na fara aiki. Likitoci da injiniyoyi 'yan gida ban ko kalle su ba, waɗannan sai sun tambayi dalili. Iyayensu na nema, irina, waɗanda aka kawo magani ko renon jikoki aka ajiye kusa da talabijin. Na ce akwai tafiya Birmingham, mota kyauta, shinkafa da kaza. Babu wanda ya tambaye ni me za a yi a can sai wata Hajiya, ita ma tambayarta kazar soyayya ce ko ta miya. Surukina ya ɗauki hayar doguwar mota bayan na ce masa ziyarar zumunci ce, wanda in an duba ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na naɗa abokina na shagon mai nama mataimaki, wani Alhaji tsohon ɗan kasuwar atamfa, kunnensa ɗaya ne ke aiki.

A hanya na tsaya a gaban mota na koya musu alama kamar yadda na saba. In na dafa hulata, a tafa. In na cire ta, a miƙe tsaye a tafa, mata su yi guɗa. Muka gwada har direba ya roƙe mu.

Zauren yana unguwar Ladywood, bayan wasu dogayen benaye. Muka tarar da 'yan ƙungiya a tsaitsaye kusa da teburin shayi, kowa da jakar takardu da ta tsufa tare da shi. Biskit an jera shi a faranti ɗaya-ɗaya kamar maganin asibiti. Sai ga mu, manyan riguna da mayafai da kuloli. 'Yar ƙanwata ta hango ni, ta dafa kujera.

"Kawu, su wane ne waɗannan?"

"Masoya wasan Sifaniya."

"Kawu, don Allah."

"Jama'a aka ce ana nema, 'yar nan. Ki je ki yi karatunki, wannan ɓangaren nawa ne."

Ba wanda ya ce musu, maza suka yi dama, mata suka yi hagu. Farfesa, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai gashi kamar auduga, ta daɗe tana kallonsu. Ta ce wa yarinyar wani abu, na matsa wa yarinyar ta fassara mini. Wai tunda take wannan aiki yau ne ta fara ganin an zauna yadda ake zama a zamanin wasan. Na ɗauka yabo ne, har yau kuma ban tabbatar ba. Mutumin jami'a yana gefe, wani matashi mai matsattsen kwat da kati a wuya, yana ta latsa waya yana murmushi.

Aka buɗe taro. Farfesa ta yi magana a hankali, ban ji ko ɗaya ba, sai na ga Turawa sun sunkuyar da kai, wani tsoho a gaba ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Ni mutum ne mai ladabi. Na cire tawa.

Zaure ya ɗauka. Tsofaffina suka miƙe da gwiwoyinsu na asibiti, tafi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, Hajiya mai tambayar kaza ta rangaɗa guɗar da ta sa mai gadi leƙowa. Ashe sunan wani ɗan ƙungiya da ya rasu aka ambata, aka ce a yi masa shiru. Daga baya na ji cewa shi mamacin da tsohon mai malafa sun shekara da shekaru suna faɗa a rubuce, a kan ko ƙofar da wata mata ta ɓuya a bayanta a wani wasa tana dama ce ko hagu. Ba sa ko gaisawa. Mai malafa ya juyo ya dube mu, idonsa ya kawo ruwa, ya yi magana, aka fassara mini wai marigayi bai taɓa samun tafi irin wannan ba da ransa, kuma bai cancanta ba.

Daga nan aka shiga jawabai, rabi Turanci rabi Sifaniyanci. Na sha zaman taron siyasa inda ɗan takara zai yi alƙawarin gada a garin da ba kogi, amma ban taɓa ganin mutane suna wahalar da juna cikin ladabi irin haka ba. Mutum zai karanta takarda kai a ƙasa, ya gama, wani ya ɗaga hannu ya ce yana da 'yar tambaya, sai ya karanta tasa takardar da ka. Mutanena dai sun yi ƙoƙari. Duk inda na ga mai magana ya sha ruwa sai in dafa hula, a tafa masa, ya ɗago a firgice.

Azahar ta yi, rabin zaure ya tashi neman wurin alwala a tsakiyar jawabin wani. Da aka idar ciki ya fara kira. Mai gadi ya ce doka ta hana shigo da abincin waje, sai muka buɗe kuloli a wurin ajiye motoci. Nan fa rigima ta tashi tsakanin Hajiya da wata tsohuwa a kan wa zai riƙe cokalin rabo, kowacce tana cewa ɗanta ne babban likita. Wannan ba abin da shugaba zai bari ba ne. Na ce wa Alhaji ya koma ciki ya riƙe mini alama, na tsaya sulhu.

Ƙamshi ya bi iska ya shiga zaure. Sai ga masana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman bayan gida, suna ƙarewa a layin shinkafa. Mai malafa ya ci yaji yana hawaye yana miƙo faranti. Mutumin jami'a ya yi ta ɗaukar hoto, ya jera mu, ya sa ni a tsakiya, ya ce in riƙe wani tsohon littafi. Na riƙe. Na ji daɗin ranar, kada in yi ƙarya.

Da na koma ciki na tarar da 'yar ƙanwata tana tattara takardunta. Farfesa na zaune a gaba, sai wasu mutum biyu ko uku, sai Alhaji a layin baya, baki buɗe, hula ta rufe masa ido. Na ce, "An kusa zuwa kanki?" Ta ce ta gama. Ta raka mu har bakin mota, ta durƙusa ta gaida tsofaffi ɗaya-ɗaya, ta yi musu godiya.

Na dawo Longsight ina baza riga. A shagon mai nama na ce na ceci jami'a guda da shinkafa.

Kafin sanyi ya shigo labari ya zo. Mutumin jami'a ya yaba ƙwarai. An bar wa ƙungiya zaurenta na shekara mai zuwa. Farfesa kuwa an yi mata walimar ban kwana da irin biskit ɗin nan, an rufe sashen. Yarinyar ba a kore ta ba. An miƙa ta ga wani malami a sashen hulɗa da jama'a, wanda bai san Sifaniyanci ba, bai kuma ga dalilin sani ba. Ya ce matan da ke sa kayan maza a bar su su huta. Abin da zai ja tallafi shi ne a rubuta yadda baƙi 'yan Afirka suka rungumi tsohon wasan Sifaniya, ga ma hoto nan shaida. Hoton yana bangon jami'a, ni ne a tsakiya, ina kallon littafin kamar na san mai shi.

Ko ta karɓa, ko ta koma gida. Ta karɓa.

Haka ta riƙa hawo mota daga Birmingham da 'yar na'urar ɗaukar magana, tana bin gidajen tsofaffina tana tambayarsu abin da ya fi burge su a taron. Hajiya ta ce gishiri bai ji a shinkafar ba. Alhaji ya ce kujerun suna da daɗi. Duk ta rubuta. Ni ta bar ni ƙarshe. Muka zauna a falon 'yata, jikokina suna sama suna faɗa da Turancinsu na hanci. Na gyara zama, na ba ta tarihina tun daga tasha, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ta saurara har na gaji don kaina. Sannan ta kashe na'urar, ta sa a jaka, ta ja zif.

Ta ce, "Kawu, da ka zo kai kaɗai ka zauna a gaba, ko ba ka ji komai ba, da ya ishe ni."