Shayin Kawu

Jiya a kasuwar Malanbil na ga tsohon littafin binciken kisan kai na wani Baturen Ingila, fassarar Faransanci, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Irinsu ya yi ta karantawa har ya daina yarda da kowa. Wai guba kullum daga hannun na gida take fitowa.

Da ciwo ya kwantar da shi a Gaya, na kai masa shayi mai citta. Ya sansana, ya kafe ni da ido.

"'Yata, fara kurɓa."

"Haba Kawu, har ni?"

"Ai ke ce ba wanda zai zarga."

Na kurɓa raina a ɓace, ya shanye sauran.

Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara, ya sha hankali kwance.