Yaya Sa'ade, Abokiyar Tattakina

Ku yi haƙuri 'yan'uwa, ku gafarce ni da na dame ku. Kun san ni ba mai yawan rubutu ba ce a shafin nan, in ba barka da Juma'a ba. Amma yau na rasa inda zan sa kaina.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shanya kayan yara wayata ta yi ƙara. Nafisa ce, 'yar Yaya Sa'ade. Ko gaishe ni ba ta yi ba, yarinyar da ba ta taɓa yi min magana a tsaye ba. Cewa kawai ta yi, "Anti Uwani, Mama ta cika."

Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zani a hannuna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Yaya Sa'ade maƙwabciyata ce a nan Dutse, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba dangin iya ba na baba, amma tun ranar da muka tare a unguwar kwanonta bai daina shigowa gidana ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, ita ta riƙe min tukunya har aka share makoki, ba ta bari na hura wuta ba.

A asibiti amincinmu ya ƙara ƙarfi. Ciwon kai ya kai ni, aka ce hawan jini ne, aka tura ni layin masu suga da hawan jini. Ina ɗaga ido sai ga ta a kan benci tana fifita da katinta.

"Ke ma sun kama ki?" in ji ta.

Da aka kira ta hawa sikeli, ta riƙo hannun nas ɗin ta ce, "'Yata, ki rubuta kawai, kar ki faɗa da ƙarfi. Akwai maza a waje."

Likitar da take ganin mu yarinya ce, amma tana da haƙuri. Ita ta fara gaya mana cewa ƙiba irin wannan ciwo ce, ba laifi ba ce, kuma ana yi mata magani kamar kowane ciwo. Ta ce wa Yaya sugan nan, da hawan jinin, da gwiwar da take damun ta, da sarƙewar numfashin da ke tashe ta daga barci, duk 'ya'yan uwa ɗaya ne. Ta rubuta mata ƙwayoyi, ta nuna mata yadda za ta rage tuwo ta ƙara ganye, sannan ta ce lallai ta dinga tafiya a ƙafa.

Ni tsoro ne ya sa na kama maganar likita. Ita kuwa kujera ce.

Akwai wata farar kujerar roba a ɗakinta, a kanta take sallah tun da gwiwa ta ƙi. Ta taɓa ce min, "Uwani, na san Allah Yana karɓar uzuri, malamai sun gaya min. Amma goshina kewar ƙasa yake."

Abin da take nema ke nan. Ba kyau ba, ba tsawon rai ba. Ta yi sujada kamar kowa.

Kuma wallahi ta yi ƙoƙari. Ta bar lemon kwalba. Dabino, da ba ta iya wuce mai tallansa, ta koma ɗaya take ci ta rufe robar. Jiki ya fara sauka, har ta kai rigunanta a rage.

Sai surukarta, Goggo, ta zo daga ƙauyensu ta wajen Kiyawa da ƙwaryar nono da kwalbar man shanu. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Sa'ade, wa ya mutu ban ji ba? Ko ɗana ne ya karye kuke ɓoye min?"

A gidan suna kuma sai a dinga kallon wuyanta ana raɗa. Wata har ta ja ta gefe ta ce gara ta je a yi mata gwajin jini, ramar nan ba ta banza ba ce.

Alhajinta mutumin kirki ne, shi yake kai ta asibiti da kansa. Amma kunya ta kama shi. Sai ya fara dawowa da ƙunshin balangu yana cewa, "Ki ci ko don bakin mutane."

Ba gulmar kowa nake yi ba, Allah Ya sani. Dukkanmu haka muka taso. In mace ta yi ƙiba sai a ce ta samu hutu, miji ya iya kiwo. In ta rame sai a fara neman wanda ya cuce ta.

Maganar tafiya kuwa ta fi wuya. Ranar farko da muka fita, masu adaidaita suka yi ta yi mana ham. Wani abokin Alhaji ya tsayar da motarsa ya ce, "Hajiya, lafiya? Motar ce ta lalace?" Kafin magariba zance ya kai majalisarsu, wai an ga matar Alhaji tana gararamba a rana. Nawa Malam ɗin ma ya ce shi ba ya son fitar da ba ta da inda aka nufa.

Sai Yaya ta kawo dabara. Ta ce mu mai da abin zumunci. Yau barkar haihuwa, gobe dubiya, jibi gaisuwar rasuwa, duk a ƙafa. Wa zai hana mace zumunci?

Abin da muka manta shi ne, ba a shiga gidan Bahaushe a fita haka. Nan a dama fura, can a kawo zoɓo mai zaƙi kamar zuma. In ka ce ka ƙoshi sai a ce, "Ko ƙyamarmu kike, Hajiya?" Yaya kuwa ba ta iya karya zuciyar mutum. Sai ta karɓa ta kurɓa, a tsare ta da ido har sai ta shanye.

Muna dawowa ta tsaya tana haki a jikin katanga, ta ɗaga ledar da aka ba ta ta ce, "Kin ga, mun fita neman lafiya mun dawo da dubulan."

Daga ƙarshe makaranta ce ta cece mu. Akwai Islamiyyar matan aure a bayan layinmu, amma Yaya ta tsallake ta, ta yi mana rajista a wata can nesa, sai ka bi ta gindin duwatsu ka ratsa cikin dabinai. Matar da ta sauke Alƙur'ani tun kafin a yi mata aure, ta je ta zauna cikin masu gyaran Fatiha.

"A makaranta dai ba a ba ka lemo," in ji ta.

Mazan suka yarda, da sharaɗi ɗaya: mu tafi tare mu dawo tare.

Waɗannan watanni su ne mafiya daɗi. Akwai wani faffaɗan dutse a hanya da muke hutawa a kansa, tana yi min bitar hadda ina yi mata. Sugan ya sauka, likita har tafa mata ta yi. Wata rana a makarantar, lokacin la'asar, aka kawo mata kujera ta ce a mayar. Ta dafa kafaɗata ta sauka a hankali, ta kai goshinta ƙasa.

Ta daɗe ba ta ɗago ba, har na tsorata.

Ni da wata 'yar ajinmu muka ɗaga ta bayan sallama. Tabarmar ta jiƙe a inda fuskarta take.

Ba a jima ba ƙayar dabino ta huda silifas ɗinta a hanyar nan tamu. Ba ta ji ba. Ashe suga ya riga ya kashe mata jin ƙafar. Sai bayan kwanaki Nafisa ta ga jini a zanin gado. Likita ta wanke, ta naɗe, ta ce kar ta ƙara taka ƙafar sai ta warke.

Nan ne komai ya ɗaure. Tafiya ce maganinta, ƙafa ta hana. Zama ya dawo da ƙibar, ƙibar ta ɗaga sugan, sugan ya hana ciwon warkewa. Aka sa ta a kan wata allura ta sati-sati mai rage son abinci. Allurar sai a firij, ga yadda wutarmu take, sai a shagon mai kemis da ke da sola ake ajiye mata. Wani watan a samu, wani watan a ce sai an aiko daga Kano. In ta yi ta kuma ta wuni da tashin zuciya. Aka tura ta Kano kan maganar tiyatar rage ciki, suka ce sai ciwon ƙafar ya rufe, sai zuciyarta ta ƙara ƙarfi.

Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai a ce ta fara buɗe ta kusa da ita.

'Yan dubiya kuma suka yi ta zuwa, kowa da kwanonsa, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Farfesu, waina, kunun gyaɗa, a jere a gabanta. Ta dube ni ta ce, "Dā ni nake bin abinci gida-gida. Yanzu shi ya gano gidana."

Shekaranjiya bayan la'asar na shiga wajenta. Tana kan farar kujerar, ƙafar a kan matashi, tana kallon tagar da ba a hango komai ta cikinta sai katanga.

Ta ce, "Kina zuwa makaranta?"

Tun da ta kwanta ban ƙara zuwa ba. Sharaɗin Malam na mutum biyu ne, ni kuma ban iya yi masa gardama ba.

"Uwani, ni ƙaya ce ta zaunar da ni. Ke fa?"

Sai ta canza magana, ta ce, "Ki gaya wa samarin layin nan ranar da za su ɗauke ni su ci su ƙoshi. Ba na son a yi ta haki a kaina ana jin kunyata."

Na ce, "Haba Yaya, ki daina."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta sa Nafisa ta ɗauko wata leda a ƙarƙashin gado. Takalmi ne kambas, sabo fil. Ta sa an sayo mata bayan ƙayar, don ranar da za ta koma hanya.

"Ƙafarmu ɗaya," ta ce. "Riƙe min kafin na tashi. Kuma ki yafe min."

Nafisa ta ce yau bayan ta idar da sallar asuba a kan kujerar, da carbi a hannunta, ta dafe ƙirji. Kafin a fito da mota rai ya yi halinsa.

An kai ta da hantsi. Ina daga soro na ga fitar makarar, samarin suna rige-rigen sa kafaɗa. Ban ji wanda ya yi haki ba.

Da na koma ɗakin na tarar da kujerar a inda take, tana kallon gabas. Ita kuwa yanzu an kwantar da ita, kuncinta a kan ƙasa, ba mai sake kawo mata kujera.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Sa'ade. Ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ka rubuta mata duk sujadar da ta yi niyya jiki ya hana. Ka yalwata mata makwanci, ita da duniya ta yi wa ƙunci, Ka ba Alhaji da Goggo da Nafisa da ƙannenta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ya karanta mata.

Sai roƙo ɗaya, kuma da kunya nake yin sa a rana irin ta yau. Ciwon da ya tafi da ita ina ɗauke da ƙaninsa, a zuwana na ƙarshe likita ta ce suga ya fara leƙo ni. Na yi magana da Malam ɗazu, ya ce sharaɗinsa yana nan, in na samu abokiyar tafiya ba zai hana ba.

Takalmin yana bakin ƙofata. In akwai 'yar'uwa a nan Dutse da za ta iya binmu, wato bina, zuwa makarantar nan a ƙafa bayan an share makoki, ta yi min magana ta inbok. Ba sauri nake ba, kuma akwai dutsen da ake hutawa.

Na san halina, in na ƙara zama ba zan tashi ba. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.