Hannun Keken Ɗinkina a Injin Ƙarfe

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagon maigidana, sai 'yar taga da ba ta da murfi. A shagon yake da injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda ake ɗaura sanda tana juyawa, wani ɗan haƙorin ƙarfe yana fere ta. Ban yi karatu mai nisa ba, amma kunnena ya haddace injin nan. Daga kan gado nakan gane ko fira yake, ko huda, ko kuwa ya zo kan yanka zare, wato layin nan mai murɗewa da noti ke bi.

Yanka zare shi ne mai wuyar. Haƙorin yana tafiya da kansa, idan ya kai ƙarshe dole mutum ya murɗa wani mariƙi baya da sauri, ɗaya hannun kuma ya ɗaga wani. In aka makara da ƙiftawar ido, haƙorin ya daki kafaɗar sandar, aiki ya lalace.

Shekarar da na haifi 'yarmu, rani na kamawa manoman bakin kogi suka fara sauke masa injinan ban ruwa. Wuta kuma ba ta da lokaci, in ta zo sai a tashi. To yarinyar nan akwai kuka, ubanta kuma akwai zuciya. Da ta tsanyara, wuyansa ke juyawa wajen taga ba da shawararsa ba. Ya ɓata sanda, ya sake ɓata wata. Rannan na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, na leƙa, sai ga jini a saman girarsa. Haƙorin ne ya karye, ɓarin ya tashi.

Ina goge masa da ruwan ɗumi ya ce, "Uwargida, ko za ki tafi Utai wajen Inna har a gama noman rani?"

Yarinyar tana da mura mai sauka a ƙirji, ni kuwa ko numfashinta ya canja sai na saɓe ta mun tafi asibiti. A nan Wudil tafiyar ƙafa ce. A ƙauye sai an nemo mai babur. Amma ga gira a fashe, ido kuwa yana dab da gira. Na ce masa to. Na fara ninke zannuwa, in ninke in warware.

Washegari babu wuta, ya shigo ya zauna a bakin gado yana jijjiga yarinya yana mata waƙa, ni ina kan keken ɗinki ina ƙarasa wa wata maƙwabciya riga kafin in tafi. Duk sanda na kai ƙarshen layi, sai in kai yatsa bayan allura in ɗaga ɗan hannun nan, ƙafar keken ta ɗago, in juya yadi, in sake sauke shi. Can na lura bakinsa ya daina waƙar da yake wa yarinya.

"Sake yi in gani."

Na sake.

"Kullum wuri ɗaya take komawa?"

"To ina za ta je, Malam? Kasuwar Juma'a?"

Ya miƙo min yarinya ya fita, ya dawo da sukurudireba. Na tsaya a gaban keken. Na ce wannan da guminsa Baba ya saya min, in wani abu ya ɓace a ciki, to da ni da keken duk Utai za mu tafi, kuma ba noman rani kaɗai za mu yi ba. Ya rantse kallo kawai zai yi. Na shimfiɗa farin ɗankwali, duk abin da ya kwance ya ɗora a kai ina gadi. A ciki ba wani abin mamaki ba ne, ɗan ƙarfe ne mai doro da sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar nan mai dawowa in an danne ta. In ka ɗaga hannun, doron ya tura, in ka sauke, sifirin ya mayar.

Ya ce in dakata da haɗa kaya. Kwanakin da suka biyo baya na fi zama a taga da yarinya a baya. Ya samo guntun ƙarfe mai kauri ya fafe masa kwari a tsakiya, ya yi wani siriri da zai riƙa zamewa a cikin kwarin, shi ne zai riƙe haƙorin. Ya yi ta gurzawa da magagari yana gwadawa. Sifirin daga tsohon babur ya ciro, ya kuma yi ɗan hannu mai doro irin na kekena, ya sa masa kan katako da ya yanko daga muciyata da ta tsage. Da ya gwada karon farko zaren ya fito da kaushi kamar bayan kada, don abin yana ɗan girgiza. Ya ɓata rai ya ƙi cin tuwo. Da safe ya cusa siririn fallen tagulla a gefe ya ɗaure, girgizar ta tafi.

Ranar gwaji na gaskiya, wuta ta zo bayan la'asar. Ya ɗaura sandar injin ban ruwan wani dattijo manomi daga Indabo, shi ma dattijon yana zaune a benci. Haƙori ya kama tafiya, da ya kai ƙarshe maigida ya taɓa hannun da yatsa biyu, ji kake ƙwas, haƙorin ya ja baya fes, sannan ya tsayar da tafiyar a natse. Ya mayar, ƙwas, ya koma daidai inda yake.

Ya ce, "Saura ta yi kuka mu gani."

Yarinya ta ƙi. Duk ƙwas ɗin sai ta ƙyalƙyale da dariya tana harba ƙafa a bayana. Dattijon ya ce, "'Yata, ɗan mintsine ta mana, gonata na jiran ruwa."

Na ce, "Baba, a bar gonar ta jira."

Muka zauna, manya uku, muna jiran jaririya ta yi kuka. Na sauke ta na ɗora a tabarma na ɓuya bayan ƙofa, abin da ta fi tsana ke nan. Ta waiga, ta taɓe baki, ta saki muryar nan tata. Ta tsagar ƙofa na ga wuyan ubanta ya juya kamar kullum, amma yatsunsa suna kan guntun muciyata. Ƙwas. Ya tsayar da injin, ya ɗauki noti ya ɗora a kan sandar, ya juya shi da ɗan yatsa ya tafi har ƙarshe.

Na ɗauke ta ina lallashi, ita tana kuka ni ina dariya. Da magariba na mayar da zannuwan cikin akwati. Keken kam har yau akwai 'yar ƙusa ɗaya da ta rage a ɗankwali ba mu san wurinta ba, amma yana ɗinki lafiya.