Takalman Da Na Ɓoye Miki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, telar da duk layinmu ke kira Anti Mai Keke. Ta rasu a asibiti, bayan shekara huɗu tana fama da ciwon da ke raunana naman zuciya.

Yaya, masu gaisuwa sun cika gida, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Ban musa ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, yau kuma sai na faɗe ta.

Ba wanda ya bar shagonki da ɓacin rai. Mace ta kawo guntun yadi tana jin kunya, ki juya shi ki sake juyawa har ya fitar da riga da ɗankwali. Kayan makarantar 'ya'yana duk daga kekenki suka fito, in na yi godiya ki ce in rufe miki baki.

Da likita ya gano ciwon, bai ɓoye miki komai ba. Ya ce ki rage gishiri, ki rage ƙiba a hankali, ki riƙa takawa kullum daidai ƙarfinki. Ki hau sikeli kowace safiya, in nauyi ya ƙaru farat ɗaya, to ruwa ne ke taruwa, ki dawo da sauri. Kika riƙe maganar nan gam. Kika sayi takalmi mai igiya, kowace safiya ki taka har gidan mai, ki huta a jikin turken wuta, ki dawo. Cikin wata takwas kika rage rigunanki da hannunki, kina dariya wai tela ta zama kwastomar kanta. Matakalar shagon da a da take sa ki haki, kika koma hawanta kina hira.

Sai mu, masu ƙaunarki, muka shigo. Goggo ta zo ta ga ƙashin wuyanki, ta tafa hannu ta ce, "Wannan wace irin rama ce? So kike duniya ta ce mijinki ba ya ciyar da ke?" Maigidanki kuwa ya fi tsoron bakin mutane da takardar likita. Muka taru a falo muka yanke miki hukunci: hutu. Aka rufe shago, aka jibge ki a kujera. Kwanuka suka yi ta shigowa, mai na yawo a sama, gishiri ya ji, wai ki ci ki murmure. Sikelin aka tura ƙarƙashin gado.

Takalman kuwa ni na ɗauke, na kai gidana. Kika ce, "Auta, ina takalmana?" Na ce, "Haba Yaya, so kike ki faɗi a titi?" Kika dube ni kika ce, "Zaman nan ne zai kayar da ni." Na ɗauka rigimar marar lafiya ce.

Kumatunki suka ciko, zobe ya ƙi fita, muna ta barka wai jiki ya dawo. Ashe ruwa ne. Ranar da numfashi ya gagare ki muka kai ki asibiti, likita ya danna ƙafarki da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ya tambaya yaushe rabonki da hawa sikeli. Sikelin kuwa yana can ƙarƙashin gado inda muka tura shi.

Ban ce takalmi na hana ajali ba. Amma kin san abin da ke miki amfani, muka fi ki baki. Har yau Goggo na gaya wa baƙi, "Ai mun kula da ita." Ni dai haushin kaina nake ji, kuma ban nemi gafararki ba kina da rai.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa jinya ta zama kaffara, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki uku da dangi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mana.

Likita ya ce a duba yaran, don ciwon kan bi jini, an kuwa ga alamarsa a jikin babbar 'yarki. Jiya na kai mata takalmanki, sun yi mata daidai. Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, na ce, "Goggo, mun riga mun kula da guda ɗaya. Ya isa."