Kulocin Kawu ya tarwatse a hannuna

Jama'a, yau na fasa kulocin mota ta hanyar taka shi kawai, kuma wani aka zaga a madadina.

Da safe Kawu Sani ya ba ni a-kori-kurarsa in kwaso albasa daga fadamar Mungadi zuwa kasuwar Aliero. Motar ta kafe a yashi, na sa mata ƙaramar giyar nan mai jan ƙarfi, ta fito. Na manta ban cire ba.

Da na iso gangara, sai na taka kuloci na sake ta ta gangara da kanta don in rage shan mai, yadda muka saba. Ta ɗauki gudu. Sai ji na yi tau a ƙarƙashin ƙafata, kamar bindiga! Wari ya tashi, mota ta ƙi tafiya.

Kawu ya iso da Malam Buba, makaniken Jega da ya sa kulocin makon jiya. A gaban mutane Kawu ya rufe shi da faɗa: "Jabu ka sa min, maci amana!"

Malam Buba ya leƙa ciki, ya ga inda sandar giyar take. A hankali ya ce min, "Ɗana, cikin giyar ga ba a sakin mota a gangara. Faifan kulocin juyawa yakai har ya fashe."

Ya mayar da sandar mazauninta kafin Kawu ya gani, ya juya ya ce masa, "Alhaji, yi haƙuri."

Ni kuwa na bar shi ya ɗauki laifina.

Yanzu haka ina ƙofar gidan Kawu don in faɗa masa gaskiya, na kasa yin sallama.